Karatun Jami'a Ta Wayar Salula: Ina Matsayin Malami?

 

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi akwai samari da matan aure da yawa waɗanda suke karatun digiri ba tare da sun bar garinsu ba. Saurayi ya wuni a gonar masara ko ta auduga, bayan sallar Isha'i ya ɗauki wayarsa ya saurari lacca, ya aika da aikin da aka ba shi. Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, watau NOUN, wadda aka kafa a 1983 zamanin Alhaji Shehu Shagari, aka dakatar da ita a 1984, kana aka farfaɗo da ita a farkon mulkin Obasanjo, ita ce ta fi buɗe wannan ƙofa. Sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a 2020, sai sauran jami'o'i ma suka fara leƙa wannan hanya.

To, dattawa da yawa suna ƙyamar abin. Suna cewa ilmin da ba a durƙusa gaban malami aka ɗauke shi ba, ba shi da albarka. Maganarsu kuwa ba ta banza ba ce. Malaman farko sun yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya mai da takarda ita kaɗai malaminsa, domin takarda ba ta gyara wa mai karatu baƙi idan ya ɓata, ba ta kuma ganin fuskarsa balle ta gane bai fahimta ba. Jabir ɗan Abdullahi, Allah ya yarda da shi, ya yi tafiyar wata guda zuwa wurin Abdullahi ɗan Unaisu saboda hadisi ɗaya tak. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas.

Amma duk da haka, nisa bai taɓa zama shamaki ga ilmi a Musulunci ba. Ibnus Salah ya ƙidaya hanyoyi takwas na karɓar hadisi, daga cikinsu akwai mukataba, watau malami ya rubuta wa almajirinsa da yake wani gari, kuma jumhurun malamai sun yarda da ita. A ƙasar nan ma Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, jajis suna zuwa wurinta su ɗauki karatu su kai wa matan ƙauyuka waɗanda ba su da ikon fita. Haka nan tafsirin Shaikh Abubakar Gumi da Rediyon Kaduna ke watsawa ya shiga gidajen da mai shi bai taɓa taka ƙofarsu ba.

Abin da ya kamata a duba shi ne tambaya da amsa, domin nan ne ruhin karatu yake. A hadisin Mala'ika Jibrilu, baƙon ya zauna kusa da Manzon Allah, ya yi tambaya, aka amsa masa, ya gaskata, daga ƙarshe aka sanar da sahabbai cewa addininsu ya zo koya musu. Mudawwana kanta, uwar littattafan Malikiyya, asalinta tambayoyi ne da Asad ɗan Furat da Sahnunu suka yi wa Ibnul Ƙasim. Rediyo ba ya jin mai saurare. Wayar zamani kuwa tana ji: ɗalibi yana iya tsai da malami, ya ce bai gane ba, a maimaita masa. Idan jami'a ta tanadi wannan, lalle ta kusanci zaman zaure. Idan kuwa ta zuba wa ɗalibi takardu a intanet ta juya masa baya sai ranar jarrabawa, to, ta karɓi kuɗinsa ta bar shi da abin da dattawan nan suke tsoro.

Akwai kuma nauyi a kan ɗalibin. Aikin da ake yi a gida babu mai sa ido sai Allah. Wanda ya biya mai shagon kwamfuta ya amsa masa tambayoyi ya yi algus, kuma hadisin da ya yi hani ga algus bai keɓe kasuwar hatsi ba. Gobe da wannan takarda zai nemi aikin koyarwa ko na asibiti, albashinsa kuwa a kanta zai hau.

Sai dai kuma adalci ne a faɗi halin da ɗaliban yankin suke ciki. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Faskari, ba a fara mayarwa ba sai a watan Disamba. Watanni uku ke nan wanda ajinsa yake cikin waya ba shi da aji, sai ya nemi kuɗin mota zuwa inda ake samun layi. Ga tsadar data, ga rashin wutar lantarki. Masu hali na garuruwan nan, waɗanda Allah ya buɗa musu ta hanyar hatsi da auduga, suna iya yin waƙafi na ɗaki guda kusa da masallacin Juma'a, a sa masa fitilar sola da kwamfutoci, a ware wa mata sa'o'insu, a kuma ɗauki malami mai amana da zai zauna da ɗalibai bayan La'asar su yi bitar abin da suka ji.