Hanya Ta Wa Ce?

Idan babbar motar albasa ta tura mai keke daji a hanyar Jega, yakan ce an zalunce shi. Gaskiyarsa. Amma shi kansa, da ya koma Danwarai ko Maiyama ba birki ba ƙararrawa, sai ya firgita tsohuwa da 'yar talla. Ashe abin da ya ƙi a yi masa, shi yake yi wa wani.

Masu ɗorin Aliero gwanaye ne, amma ba su ɗora rai. Saboda haka, ɗan'uwa, ka bi hannun dama kamar yadda doka ta ce tun 1972, ka kunna fitila da dare. Hanya ta kowa ce, amma alhakin marar ƙarfi yana wuyan wanda ya fi shi ƙarfi.