Mota da Wayar Hannu: Lada, Sutura ko Zunubi?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Wanda Ya hore wa ɗan Adam abin hawa a tudu da ruwa da sararin sama. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, tsadar mota da wayar hannu magana ce da ta yawaita a majalisu da ƙofofin masallatai, kuma masu kukan suna da hujja. A shekarar 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, a daidai lokacin da ƙarin albashin Udoji ya shiga hannun ma'aikata, har ya zama ma'aikaci matsakaici yana iya karɓar rancen mota ya fito da sabuwa dal. Wannan zamani ya shuɗe, 'yar Kwatano ma ta gagari mafi yawan masu albashi. A watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar Amurka, wadda a da hukuma ke sayarwa a kan wajen naira 460, ta haura naira 1,500 a cikin 2024. A wannan shekara kamfanin Apple ya fito da babbar wayarsa ta iPhone a kan dala 1,199, watau kusan naira miliyan 1.8, alhali mafi ƙarancin albashi da aka sanya wa hannu a watan Yuli na shekarar naira 70,000 ne. Ashe ke nan ƙaramin ma'aikaci zai yi fiye da shekara biyu bai ci ba bai sha ba kafin ya riƙe waya ɗaya.

To, shin ya dace Musulmi ya zuba irin wannan dukiya a kan mota ko waya? Jama'a sun kasu biyu. Wasu sun ce almubazzaranci ne tsantsa, duk wanda ya saya ya yi laifi. Wasu kuma sun ce dukiyar mutum tasa ce, ba mai tambayarsa yadda ya yi da ita. Duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawa.

Da farko dai, shari'a ba ta ƙyamaci abin hawa mai kyau ba. A aya ta 8 ta Suratun Nahli Allah Ta'ala Ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna cikin ni'imominSa, Ya bayyana cewa don hawa ne da kuma ado, sa'an nan Ya sanar da cewa Yana halittar abin da mutane ba su sani ba. Malamai da yawa na wannan zamani sun ga mota da jirgi a cikin ƙarshen wannan aya. Haka kuma Ibnu Hibban ya ruwaito hadisin da ya lissafa abin hawa mai daɗi cikin abubuwa huɗu na jin daɗin duniya, tare da mace tagari da gida mai yalwa da maƙwabci nagari. A lokacin Hijira ma, da Sayyadina Abubakar ya miƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ɗaya daga cikin raƙumansa biyu, bai yarda ya karɓa ba sai da kuɗinta. Saboda haka wanda ya haramta mota ko waya don tsadarta kawai ya haramta abin da Allah bai haramta ba.

Amma masu cewa ba mai tambayarsu, su ma akwai magana a kansu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira hadisin da ya raba masu doki gida uku. Akwai wanda dokinsa lada ne a gare shi, shi ne wanda ya ɗaure shi domin ɗaukaka addinin Allah. Akwai wanda nasa sutura ne, shi ne wanda ya ajiye shi domin ya wadatu ya kame daga roƙon mutane, bai kuwa manta da hakkin Allah a cikinsa ba. Akwai kuma wanda nasa zunubi ne, shi ne wanda ya ɗaure shi don alfahari da riya da gaba da Musulmi. Abin lura shi ne, hadisin bai yi zancen farashin dokin ba ko kaɗan. Doki iri ɗaya ne, a kasuwa ɗaya aka sayo shi, niyyar mai shi da yadda ya sarrafa shi su ne suka raba hukuncin.

Wannan ma'auni ya hau mota da waya daidai. Likitan da ake kira tsakar dare, da direban haya da ke ciyar da iyali da motarsa, da magidancin da ke kai 'ya'ya takwas makaranta, motarsu sutura ce, in niyya ta gyaru kuma ta zama lada. Haka ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke tura hoton atamfa ga abokin ciniki a Agadas, kuɗi su shigo masa ta waya. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 ta tashi daga kayan masu hali ta koma kayan aiki, kuma ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya nuna wa kowa haka, domin a lokacin wanda ba ya iya tura kuɗi ta waya ya sha wuya kafin ya auno hatsi.

Sai dai bukata tana da iyaka. Malaman usulu, cikinsu har da Imam Shaɗibi na Andalus wanda ya rasu a shekara ta 790 bayan Hijira, sun kasa maslahar ɗan Adam mataki uku: larura, wadda rayuwa ba ta tsayuwa sai da ita, bukata, wadda rashinta ke jawo ƙunci, da kuma ƙawa, wadda ke ƙara wa rayuwa armashi. Ƙa'ida ita ce ba a tauye na sama domin na ƙasa. Ci da sha da magani da tufafi da muhallin iyali wajibi ne a kan maigida. Waya mai kira da tura saƙo da karɓar kuɗi bukata ce, kuma ana samun irinta a kasuwar Farm Centre ta Kano a kan ɗan kaso kaɗan na kuɗin waccan babba. Abin da ya ƙaru a kan haka ƙawa ne. Wanda ya bar kuɗin makarantar 'ya'yansa ko maganin mahaifiyarsa ya sayi ƙawa, to, ya kifar da tsarin da shari'a ta gina, ko da kuɗin nasa halal ne.

Daga nan za a gane cewa almubazzaranci ba shi da farashi guda da za a yanke wa kowa. Aya ta 67 ta Suratul Furƙani ta yabi bayin Allah da cewa suna tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro idan za su ciyar, kuma tsakiyar attajiri daban take da ta malamin firamare. Motar da ba ta girgiza dukiyar wannan ba, ita ce za ta rushe gidan wancan. Wani zai ce ai araha ba ta ado, kuma mai tsada ya fi ƙarko. Wannan gaskiya ne a wurare da yawa, sayen abu mai inganci sau ɗaya ya fi sayen rubabbe sau uku. Amma mai sauya waya duk shekara alhali ta hannunsa lafiya lau take, ba ƙarko yake nema ba, idon mutane yake saye.

Babban haɗarin kuwa shi ne bashi. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Matasa da yawa sun faɗa hannun manhajojin ba da rance da ruwa, waɗanda ke tona asirin mutum ga 'yan'uwansa in ya kasa biya, sun haɗa wa kansu zunubin riba da zubewar mutunci. Gaskiya ne akwai hanyar murabaha, wadda bankunan Musulunci irin su Jaiz, da ya fara aiki a 2012, suke bi: su sayi kayan, su sayar wa mutum da riba sananniya, ya biya sannu a hankali. Wannan ya kuɓuta daga riba, amma har yanzu bashi ne a wuya. Bukhari ya ruwaito cewa an kawo gawar wani mutum da ake bi bashi, Manzon Allah ya ƙi yi masa salla har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. In haka lamarin yake, ina hikimar cin bashi domin a burge waɗanda ba za su biya ko kwabo a ciki ba ranar da aka kwanta dama?

Cutar kuma ba ta tsaya kan mai saye ba. Suratul Ƙasasi ta ba da labarin yadda Ƙaruna ya fito wa mutanensa cikin adonsa, sai masu son duniya suka yi burin samun irin nasa. Haka abin yake a kowane zamani. Yau ana auna saurayi da wayar da ya ba budurwa, ana auna ango da jerin motocin ɗaukar amarya, har aure ya yi wa talaka nauyi. Ƙwacen waya, wanda ya ci rayuka a Kano da wasu birane, laifin ɓarawo ne kuma hukunci yana kansa, amma al'ummar da ta mayar da waya ma'aunin daraja ta taimaka wajen hura wutar.

Shi kuwa mawadaci da ya tara halal, ya fitar da zakka, ya sauke hakkin iyali da dangi, ba laifi ya hau abin da ya dace da halinsa, domin Allah Yana son a ga alamar ni'imarSa a kan bawanSa. Motar hawa ba ta da zakka, kamar yadda dokin hawa ba shi da ita, amma tana da hakki: a rage wa tsoho hanya, a kai mai naƙuda asibiti cikin dare, kada a watsa wa mai tafiya a ƙasa ruwan taɓo. Ranar da mai mota ya fara ganin na ƙasa bai kai shi ba, ran nan ta tashi daga sutura ta koma zunubi.

Saboda haka, kafin Musulmi ya ƙirga kuɗi ya miƙa, ya kamata ya tambayi kansa abu huɗu. Daga ina kuɗin suka fito? Akwai hakkin wani da zai tauye? Wane aiki abin zai yi masa wanda mai sauƙin kuɗi ba zai yi ba? Kuma da a ce ba mai ganinsa da shi, zai saya? Tirmizi ya ruwaito cewa ranar Alƙiyama za a tambayi bawa game da dukiyarsa ta fuska biyu, inda ya samo ta da inda ya kashe ta. Wanda ya tanadi amsa tun a nan, cinikinsa ya yi riba, ko abin da ya saya mai tsada ne ko mai araha.

Allah Ya azurta Musulmi da halal mai albarka da wadatar zuci, Ya raba su da ƙangin bashi da sharrin riya. Amin.