Darasi na 7: Mutum Ɗaya Wanda Ya Komo

Karatu: Luka 17:11-19

'Yan'uwa, sau nawa mukan ce "Mun gode Allah" tsakanin safiya da maraice? Mukan faɗa a gaisuwa, a kasuwa, a bakin rijiya, sau da yawa kuwa zuciya ba ta san abin da baki ya faɗa ba. Karatunmu na yau yana nuna mana inda godiya ta gaskiya take farawa.

Yesu yana kan hanyarsa zuwa Urushalima, ta kan iyakar Samariya da Galili, sai kutare goma suka tsaya daga nesa suna roƙon jinƙai. Shari'a ce ta tsai da su can, gama Littafin Firistoci sura 13 ya umarci mai irin wannan cuta ya zauna a bayan zango, sura 14 kuma ta sa firist ya duba wanda ya warke kafin ya koma cikin jama'a. Domin wannan Yesu ya aike su wurin firistoci, suna cikin tafiya kuwa suka tsarkaka.

Kada mu yi saurin zargin mutum tara ɗin. Sun ba da gaskiya, gama sun kama hanya tun ba su ga warkewa ba. Sun kuma yi biyayya. Abu ɗaya suka rasa: kyauta ta cika idonsu har ta rufe musu Mai-bayarwa. Na goman kuwa, Basamariye, wanda Yahudawa ba sa cuɗanya da irinsa, da ya ga ya warke sai ya juyo, ya fāɗi a gaban Yesu. Goma sun sami tsarkin jiki, amma shi kaɗai aka shaida wa cewa bangaskiyarsa ta cece shi. A Helenanci kalmar nan tana nufin warkarwa, tana kuma nufin ceto.

Kalmar da Luka ya rubuta domin godiyar Basamariyen ita ce ya rubuta sa'ad da Ubangiji ya ɗauki gurasa a daren da aka bashe shi (Luka 22:19). Ita ce kuma a Ayyukan Manzanni 27:35, inda Bulus ya yi godiya domin gurasa a gaban dukan waɗanda ke cikin jirgin ruwa, su 276, bayan kwana goma sha huɗu a cikin hadiri, jirgin kuwa bai kai gaci ba tukuna. Ashe godiya ba ta jiran ranar mu'ujiza.

Akan ce yaba kyauta tukuici. Amma wanda bai lura da kyauta ba, ƙaƙa za ya yaba? Ruwan farko ya sauka, yaro ya tashi daga zazzaɓi, hatsi ya kai mu kaka, mu kuwa muna gaggawa zuwa abin da ke gaba. Hatsarin ke nan: mutum ya ci alherin Allah shekara da shekaru, bai taɓa zuwa wurin Allah kansa ba.

Tambayoyi

1. Me tara ɗin suka samu, me kuma suka rasa?
2. Me ya sa Bulus ya yi godiya tun hadiri bai kwanta ba?
3. Kowa ya ambaci alheri uku da ya karɓa a makon nan bai gode ba.

Addu'a

Ya Ubangiji, ka buɗe idanunmu mu ga hannunka cikin abincinmu da aikinmu, ka komo da mu gare ka kowace rana. Cikin sunan Yesu, Amin.