Mu Ma A Naɗa Mana Sarki

Duk wanda ya saba zama wurin tafsirin azumi a nan Tudun Jukun ya san inda malam kan rage sauri idan ya iso ƙarshen juzu'i na biyu, wato ayoyi na 246 zuwa 251 na Suratul Baƙara. A nan ne manyan Bani Isra'ila, bayan zamanin Annabi Musa, suka je wa wani annabinsu, wanda masu tafsiri ke kira Shamwilu, suka roƙe shi ya naɗa musu sarki. Mukan girgiza kai, mu yi mamakin mutanen da ke da annabi a raye tsakaninsu amma suke neman mai rawani.

Littafin Sama'ila na Farko, wanda maƙwabtanmu Kirista na Wusasa ke karantawa, ya ƙara bayani a babi na 8. Wai so suke su zama kamar sauran al'ummai. Annabin ya gargaɗe su cewa sarki zai kwashe 'ya'yansu maza zuwa yaƙi, mata zuwa madafarsa, ya karɓi ushirin hatsi da na dabbobi. Suka ji, suka ce duk da haka a ba su.

Me ya kai su? A ganinmu, mai karatu, gajiya ce. Zama ƙarƙashin hukuncin Ubangiji kai tsaye yana nufin kowa ya zama dogarin kansa, a kasuwa da gona da cikin ɗaki, inda babu mai ganinsa. Wannan kaya ne mai nauyi. Idan kuwa akwai sarki, an sami wanda za a ɗora wa kayan, an kuma sami wanda za a zaga in tafiya ta ɓaci. Shaidar haka ita ce da aka ba su Ɗalutu, mai ilmi da ƙarfin jiki, sai suka ce ba shi da dukiya, sun fi shi cancanta. Da aka iso kogi aka hana su sha sai kamfata guda, yawancinsu suka kwankwaɗa. Sarkin ya samu, amma haƙurin ƙishirwa bai zo tare da shi ba.

Ba sai mun je Falasɗinu ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙ, ya lissafa laifuffukan sarakunan Haɓe: gadon mulki ba tare da shawara ba, jangali, gaisuwa, da ƙwace kayan talaka. Kusan jerin da Shamwilu ya karanta wa mutanensa ke nan. Jama'ar da ta yi hijira zuwa Gudu a 1804 neman hukuncin Littafi ta fita yi. Amma ba a je ko'ina ba Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, ya ga son dawaki da ganima da muƙami ya kama mutane, har ya bar rundunar da niyyar tafiya Makka. Kanawa ne suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam.

A nan Zazzau, Malam Musa Bamalli da tuta ya zo, a matsayin malami. Bayan rasuwarsa a 1821 Yamusa ya hau, sannan Abdulkarimu, kuma a hankali tutar ta zama gadon gidaje huɗu: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Ba zargi muke yi ba. Gari ba ya zama babu shugaba, kuma karɓa-karɓar nan ta kashe fitinu da yawa. Sai dai ya kamata masu sha'awar rubuta tarihinmu su daina ɗora wannan sauyi a kan fada kaɗai. Talakawa ma sun so algaita da tambari, sun fi gane su a kan bahasin malamai.

Mun ga ragowar wannan hali da idonmu. Sarki Shehu Idris ya rasu ranar 20 ga Satumba 2020 bayan shekara 45 a kan gado, aka naɗa Ahmad Nuhu Bamalli ranar 7 ga Oktoba. A kwana goma sha bakwai ɗin nan, daga teburin mai shayi har ɗakin malamai a makarantarmu, babu zancen da ya wuce wane gida ne ke da layi, wa ya fi kuɗi, wa ya fi kusa da gwamna. Mu da ke koya wa yara ƙissar Ɗalutu muna cikin masu musun, har ana kaɗa ƙararrawar shiga aji muna cewa a ba mu minti biyar.