Sarƙar Aro da Lahanin da Ido Ba Ya Gani

A unguwar Tandabawi ta Makka, kamar yadda yake a Shara Mansur, gwal a wuyan mace ado ne kuma asusu ne. Shi ake sayarwa idan ciwo ya zo ko kuɗin haya ya matsa. Saboda haka duk wadda ta ara wa ƙawarta sarƙa don zuwa biki, tarin shekaru ta danƙa mata.

Ga abin da nake so mu duba. Ana yin walima a istiraha, wato gidajen shaƙatawa na haya, kuma da yawansu suna da wurin ninkaya. Mace ta shiga ruwa da sarƙar aro a wuya, ko ta wanke tufafi da Clorox alhali zoben aro yana yatsarta. Ta mayar da kayan suna ƙyalli. Shin wajibi ne ta faɗa?

Sai mun san yadda ɓarnar take kafin mu yi hukunci. Zinare tsantsa, mai karat 24, ba ya jin tsoron irin wannan ruwa. Amma yana da laushi, don haka maƙera suke gauraya shi da tagulla da azurfa. Mai karat 21, wanda ake buga wa lamba 875, kashi 87.5 cikin ɗari ne zinare; mai karat 18 kuwa kashi 75. Sinadarin kulorin yana cin waɗannan ƙarafa da aka gauraya, musamman a mahaɗa da maƙulli da 'yan ƙafafun da suke riƙe dutse. Shiga ruwa sau ɗaya ba lallai ya karya sarƙa ba, amma maimaitawa da zafin ruwa suna ƙara lahanin, har wata rana ta tsinke a hannun da bai yi laifi ba.

Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, sun ɗora wa mai aro lamunin abin da ake iya ɓoyewa, kuma kayan ado suna ciki. Sai dai alƙali yana hukunci ne da abin da ya bayyana. A nan babu tsaga, babu shaida, kuma mai aron tana iya cewa ba ta tabbatar an yi ɓarna ba.

A ganina biya daban, faɗa daban. Biya yana jiran tabbacin ɓarna. Faɗa kuwa ba ya jiran komai, domin da shi ne mai kaya za ta kai wa maƙeri ya duba mahaɗan tun sarƙar ba ta faɗi a titi ba. Wadda ta yi shiru ta tsira daga kunyar minti ɗaya, amma ta bar zargi yana jiran wadda za ta ara bayanta. Da haka zumunci yake tsinkewa, ba tare da an san inda ya fara rauni ba.

Ita ma mai kaya tana da nata nauyin. Kada kunya ta hana ta cewa: "Yaya, ki cire kafin ki shiga ruwa ko ki taɓa wanki." Idan kuma an riga an shiga, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a goge da ƙyalle mai laushi, sannan a faɗa wa mai shi a ranar da aka mayar.