Amon Masaƙa a Cikin Waya

Ran wata Asabar bayan la'asar ɗan yayata ya same ni a zaure, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙo mini wayarsa da igiyar sauraro. Ya ce, "Kawu, minti bakwai ne kacal. Don Allah kada ka cire sai ya ƙare."

Da farko na ɗauka wayar ce ta lalace. Wani gurnani ne ya fara tasowa daga ƙasa, kamar tirela tana tsaye a nesa ba a kashe ta ba. Can sai ƙarfe ya fara dukan ƙarfe, ba a jere ba, sau uku, shiru, sau ɗaya, shiru mai tsawo. Sai wani siririn amo ya ratso ta tsakiya kamar na mai walda. Babu murya, babu ganga, babu inda ƙafa za ta kama ta taka. Da ya ƙare na cire igiyar, na ji kukan kajin maƙwabta da ƙarar babur a bakin titi tamkar yau na fara jin su.

Ya gaya mini yadda ya haɗa shi. Gurnanin nan injin markaɗen unguwarsu ne, ya ɗauka da waya, ya rage masa gudu har ninki huɗu. Dukan ƙarfen ƙofar shagon wani mai faci ce idan ana rufe ta da dare. Siririn amon kuwa janareto ne a daidai lokacin da mai yake ƙarewa. Duk ya tara su a wata tsohuwar kwamfuta da ya saya ta hannu, da manhajar Audacity wadda ake samu kyauta, yana aiki cikin dare idan an kawo wuta. Wata uku ya yi a kan minti bakwai ɗin nan.

Uwarsa ce ta turo shi. Yayata mace ce mai tsoron Allah, tun yana ƙarami ta raba shi da kiɗa, yanzu kuma ta rasa yadda za ta yi da wannan abin. Ta ce mini, "Ni dai ban ga yana rawa ba, ban ji waƙar banza ba, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Ka tambayar mana Malam."

Kafin in je wurin Malam sai da na nemi sanin asalin abin, domin yaron ya nuna mini ba shi ya ƙirƙiro ba. A 1913 wani mai zane ɗan Italiya, Luigi Russolo, ya rubuta cewa kunnen mutumin birni ya saba da inji da tarago, don haka kiɗa ma ya kamata ya karɓi ƙara. Har ya ƙera wasu akwatuna masu gurnani da ƙugi. A 1948 Pierre Schaeffer ya je tashar jirgin ƙasa a Faris ya ɗauko amon jirage, ya yayyanka ya jera a gidan rediyo. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai Bamisire ne, Halim El-Dabh. A 1944, shekara huɗu kafin Schaeffer, ya ari rikoda mai ɗaukar sauti a kan zaren ƙarfe, ya ɗauki muryoyin mata a wurin zar a Alƙahira, ya koma ya sarrafa su har kalmomin suka narke, amo kawai ya rage. Zar kuwa ɗan'uwan bori ne. A Sudan ma haɗa sunayen biyu ake yi. Daga baya, a garuruwan masana'antu na Ingila, matasa suka ɗauki abin da zafi: Cabaret Voltaire a Sheffield, garin ƙarfe, da Throbbing Gristle waɗanda suka kafa kamfanin faifai mai suna Industrial Records a Landan a 1976, inda wannan salo ya samo sunansa na kiɗan masana'anta. A Balin ta Yamma, Einstürzende Neubauten suka fara a 1980 da ƙarafan bola da injin huda kankare.

Na je wurin Malam bayan karatun magariba. Na ce, "Allah gafarta Malam, ga wata mas'ala." Ya sa igiyar a kunne, ya saurara kamar minti biyu, ya cire ya ce, "Wannan ai ba kiɗa ba ne, ƙara ce. Wa ya taɓa haramta jin injin niƙa? Ka dai gaya masa kada ya hana shi salla, kada ya dami maƙwabta." Yayata ta samu natsuwa da wannan amsa, kuma na yarda fatawar daidai take. Ni dai ban samu natsuwa ba, domin na san yaron bai yi wata uku yana aikin dare don ya samar da ƙara kawai ba. Injin niƙa ba ya zaɓen inda zai yi shiru. Shi ya zaɓa.

Duk gardamar da malamanmu suka yi a kan kiɗa, a kan kiɗan da ke motsa jiki da sha'awa suka yi ta. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a Ihya'u a kan sauraro. Ya kafa hujja da cewa ba wanda ya haramta jin kukan tsuntsu mai daɗi, don haka daɗin sauti shi kaɗai ba laifi ba ne. Kayan kiɗan da ya cire, ya cire su ne saboda an san su da majalisar mashaya. Ibn Hazm ya sassauta, Ibn Taimiyya ya tsananta. A Kano ma an daɗe ana wannan muhawara a kan bandiri, wanda Shehu Nasiru Kabara ya tsaya ya kare shi. Dukansu suna magana ne a kan sauti mai daɗi, mai ma'auni, mai jan rai. To ina hukuncin sautin da aka gina da gangan don kada ya yi daɗi, kada ya ba ƙafa wurin takawa? Littattafan ba su tsaya a kansa ba, domin a zamaninsu ba wanda zai iya kama amon guduma ya ajiye ya sake kunnawa gobe.

Abin da na ɗauko daga Gazali wani abu ne daban: ra'ayin da ya kawo cewa sauraro ba ya zuba wa zuciya abin da babu a cikinta, fito da abin da ke ciki yake yi. Na gwada wannan a kaina, na tambayi raina me minti bakwai ɗin nan suka fito da shi. Mahaifina suka fito da shi.

Baba ya yi shekara ashirin da biyu a wata masaƙa a Kakuri. Masaƙar farko a Kaduna ta fara aiki a 1957, kuma a lokacin ƙuruciyarmu jiniyar canjin aiki ita ce agogon unguwa. Sau ɗaya na taɓa shiga ɗakin saƙa, ina ɗan shekara goma, na kai masa saƙo. Injuna jere har iyakar gani, kowane yana harba ƙoshiya hagu da dama, ƙasa tana rawa a tafin ƙafa, ƙurar auduga tana yawo a cikin haske. Na buɗe baki na kira shi, ni kaina ban ji muryata ba. Shi da abokan aikinsa da hannu da leɓe suke magana. Masana lafiya sun ce ƙarar da ta kai desibel 85, in mutum ya yi awa takwas kullum a cikinta, tana cin kunne, kuma ɗakin nan ya wuce haka nesa ba kusa ba. Kafin ya yi ritaya kunnensa na hagu ya tafi. A masallaci kullum gefen hagu na sahu yake nema, don ya ba liman kunnen dama. Da wannan ƙarar aka ciyar da mu, da ita aka biya mana kuɗin makaranta. Zuwa 2007 manyan masaƙun sun rufe, Kakuri ta yi tsit, kuma ba wanda ya ajiye amon nan ko na minti ɗaya. Muna da hotonsa sanye da kayan aiki. Abin da ya shiga kunnensa shekara ashirin da biyu kuwa, babu shi ko'ina.

A nan na fahimci abin da ɗan yayata yake yi, ko da shi bai faɗa da wannan lafazi ba. Shaida yake bayarwa. Yana cewa ga abin da kunnen talaka yake sha daga asuba zuwa dare, tsaya ka ji shi da kyau sau ɗaya. Mu Hausawa ba baƙin wannan ba ne. Mata suna lugude, taɓarya da turmi su zama kiɗa alhali aiki ake yi. Maƙera suna da dundufa, mahauta suna da kalangu, manoma suna da gangar noma. Kowace sana'a ta dā ta sami mai yi mata amo. Mai markaɗe da mai walda da mai tsaron janareto ne ba su samu ba, kuma su ne suka cika garuruwanmu yanzu.

Akwai wani Ba'amurke, John Cage, da yaron yake yawan ambata. A 1951 ya shiga wani ɗaki a jami'ar Harvard da aka gina don ya shanye duk wani amo, yana neman cikakken shiru, sai ya ji sauti biyu, aka ce masa daga jikinsa suke fitowa. A 1952 ya fitar da wani aiki wanda makaɗin fiyano zai zauna minti huɗu da daƙiƙa 33 bai taɓa komai ba, jama'a su ji iska da ruwan sama da motsin junansu. Na yarda da shi cewa shiru babu shi a duniyar nan. Inda muka rabu shi ne, a wurinsa sauti sauti ne kawai, ba ya nuni zuwa ga komai. Ni kuwa an karantar da ni a Suratul Isra'i cewa dukkan halitta tana tasbihi, mu ne ba mu gane harshenta. An karantar da ni a Suratur Ra'adi cewa aradu ma cikin masu yabo take, ita da ba ta da daɗin ji ko kaɗan. A surar Isra'in dai aka ce za a tambayi mutum game da jinsa. Na daɗe ina fahimtar wannan a kan abin da bai kamata in saurara ba. Yanzu ina ganin tambayar za ta haɗa da abin da ya kamata in ji na toshe kunne: tarin mai markaɗe, muryar mai walda da ta dushe, Baba yana cewa "Na'am?" sau uku mu kuma muna ƙosawa.

Ba duk abin da ke cikin wannan salo na karɓa ba, kuma na gaya wa yaron ƙarara. Wasu daga cikin na farkon nan na Ingila sun yi ado da hotunan sansanonin kisa na Nazi da labaran masu kisan gilla, wai don su girgiza mutane. Azabar wani ba kayan ado ba ce. Wanda ya ɗauki ƙarar wahala don ya nuna shi ba ya tsoron komai, girman kai ne ya sa masa wata riga. Haka nan ƙarar da za ta hana maƙwabci barci zalunci ce, ko da sunan fasaha aka yi ta. Ɗan yayata da igiyar kunne yake aiki, kuma kafin ya ɗauki amon injin sai da ya nemi izinin mai markaɗen, ya kuma koma ya kunna masa.

Saura batun rabawa, wanda shi ne ya fi damun uwarsa: in ba neman suna ba, me ya sa sai ya tura wa mutane? Na yi tunanin riya sosai a nan. Mai neman a yabe shi ba zai zaɓi hanyar da tara cikin goma za su ce wayarsa ce ta lalace ba. Masu wannan aiki tun shekarun 1980 a kaset suke kwafa a ɗaki, su aika wa juna ta gidan waya, wani lokaci kwafi ashirin ko talatin, musaya ba ciniki ba. A Yamai, Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa na ogan mai lantarki a 1978, aka buga kaset kaɗan, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi duniya ta ji. Nasa mai sanyi ne, ba irin na ƙarfe ba, amma haƙurin iri ɗaya ne. Riya tana iya shiga ko'ina, har cikin sallar dare, kuma yaron shi zai tsare zuciyarsa. Sai dai shaidar da aka kulle a akwati ba ta amfani kowa ba. Dole a sami wanda za a ce wa, ji abin da na ji.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya ni da yaron muka je gaida Inna, mahaifiyarmu. Tana kan tabarma tana gyaran zogale. Ta dubi jikan nata ta ce, "Maigidana, an ce ka koma tara ƙarar injuna, ba ka kawo cefane ba." Ya yi dariya, ya durƙusa ya sa mata igiyar a kunne. Na zaci za ta cire nan take. Hannunta ya tsaya a cikin faranti. Da aka zo wurin dukan ƙarfen nan sai ta runtse ido, leɓenta yana motsi kamar mai ƙirga. Har ya ƙare ba ta ce komai ba.

Sannan ta ce, "Wannan ai aikin dare ne. Haka muke jiyo shi daga gida in iska ta juyo, lokacin sanyi. In na ji shi na san yana can lafiya, sai in yi barci." Ta miƙa masa wayar, ta sake karɓewa. "Mayar mini da shi farko. Kuma ka ƙara murya, kunnen nawa ma ya fara tafiya."