Haƙurin Gwaggo, wa ya ci ribarsa?

Shekara bakwai gwaggona ta yi tana tashi daga tabarma da dabara: ta dafa bango, ta ja numfashi, sannan ta miƙe. Duk wanda ya shigo gaishe ta sai ya ce, "Kai, Gwaggo akwai haƙuri!" Ni ma na sha faɗa. Yanzu nake tambayar kaina, ku ma ina tambayar ku 'yan'uwa: haƙurinta muke yabo, ko sauƙin da shirunta ya kawo mana?

Ciwon ba na aljanu ba ne, ba kuma jifa ba. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwa ne ya cinye, ƙashi yana gogar ƙashi. Macen da ta yi shekara arba'in tana durƙuso gaban murhu, tana ɗauko itace a ka, tana tafiya bakin tabkin Madarunfa da ƙafa, ina mamaki? Mu kuwa abin da muka iya shi ne sayo mata ƙwayoyi wurin masu talla ran kasuwa, irin waɗanda ke kashe zafi yau su ɓata ciki da ƙoda gobe.

Da likita a Maraɗi ya ce sai an canza gwiwar, sai gida ya rabu. Kawu ya ce tsohuwa ce, a sayar da shanu saboda ƙafar da ba za ta sake noma ba? Maganarsa ba ta banza ba ce, kada mu yi saurin zaginsa. Shanun nan su ne abincin yara in damina ta ƙi. Amma ku lura da ma'aunin: ƙafa tana da daraja muddin tana aiki. In haka ne, mutum jaki ne ke nan, ran da ya kasa ɗaukar kaya an gama da shi. Abin da ya fi ba ni kunya, an kwana uku ana wannan gardama a zaure, ba wanda ya leƙa ɗaki ya tambaye ta.

Ƙanena, ɗan shekara goma sha biyu, shi ya tambaya. Ta ce, "Ɗan nan, ni barci kawai nake so in yi."

An bi ta Ɗan Isa da Jibiya aka kai ta Kano. Aka kankare bakin ƙashin, aka sa ƙarfe da roba. Kwana biyu da aiki aka tsayar da ita da sanda. A nan na ga haƙurin da ban san shi ba. Lanƙwasa sabuwar gwiwa kullum, tana kuka, tana ce wa mai motsa mata ƙafar, "Ƙara, yarinya, ƙara." Wata uku ana haka. Wancan haƙurin na da, mu muka ci ribarsa. Wannan nata ne, kuma ya fi ciwo.

Ba ta dawo yarinya ba fa. Har yau ba ta iya durƙusawa, a kujera take salla, kuma abin yana damun ta duk da malam ya ce ya halatta. Shanu biyu sun tafi, Kawu bai daina lissafi ba. Jiya na shiga da hantsi in gaishe ta, aka ce in dawo, barci take.